Ƙananan Jiragen Dunkirk: Yadda Ake Raya Tsohon Katako A Kan Ruwa

A watan Mayu na shekarar 2025 wasu ƙananan jiragen ruwa fiye da 60 suka tashi daga tashar Ramsgate da ke kudu maso gabashin Ingila, suka ratsa mashigin tekun da ya raba Birtaniya da Faransa, suka nufi birnin Dunkirk, tare da rakiyar jiragen rundunar mayaƙan ruwa da na masu aikin ceto. Babu jirgi ko ɗaya a cikinsu da shekarunsa suka gaza 85. Akasarinsu na katako ne, kuma da yawa daga ciki jiragen shan iska ne, irin waɗanda aka ƙera domin mai hali ya ɗauki iyalinsa su kewaya kogi a ranar hutu: inji ɗaya ko biyu, ɗakin kwana, ɗan madafi, da mazaunin matuƙi.

Waɗannan jirage su ne ragowar waɗanda suka taimaka wajen kwaso sojojin Birtaniya da na Faransa daga gaɓar Dunkirk a shekarar 1940. Sukan koma can sau ɗaya a cikin kowace shekara biyar, amma a 2020 annobar korona ta hana. Tafiyar 2025 ta bambanta da waɗanda suka gabace ta, domin ita ce ta farko da aka yi babu wani tsohon soja da ya ga abin da idonsa a cikin ayarin. Jiragen ne kaɗai shaidun da suka rage. To amma jirgin katako ba ya jiran kowa. Duk shekarar da mai shi ya yi masa sakaci, akwai abin da yake rasawa, kuma wani abin ba ya dawowa. Shi ya sa tambayar da ke gaban masu waɗannan jirage ta kullum ce: me za a gyara, me za a canza, kuma wane ne zai yi aikin?

Yadda jiragen shan iska suka shiga yaƙi

Ranar 14 ga watan Mayu na 1940 gidan rediyon BBC ya karanta wata sanarwa ta hukumar mayaƙan ruwa, wadda ta umarci duk mai jirgin shaƙatawa mai inji, wanda tsawonsa ya kama daga ƙafa 30 zuwa 100, da ya aika da bayanan jirginsa cikin kwanaki 14. Kafin wa'adin ya cika, dakarun Jamus sun riga sun ritsa dubban ɗaruruwan sojojin ƙawance a arewacin Faransa, teku na bayansu. Aikin kwaso su, wanda Admiral Bertram Ramsay ya jagoranta daga Dover, ya gudana daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni, kuma an tsira da mutane 338,226.

Ruwan gaɓar Dunkirk ba shi da zurfi, saboda haka manyan jiragen yaƙi ba sa iya matsowa kusa da rairayi. Nan ne amfanin ƙananan jirage ya fito. Aka bi kogin Thames da gaɓar kudancin Ingila ana tattara su. Wani maƙerin jirage mai suna Douglas Tough shi kaɗai ya tara fiye da 100 a maƙerarsa da ke Teddington, inda aka sauke kayan alatun da ke cikinsu, aka gangara da su zuwa teku. Sojojin ruwa ne suka tuƙa yawancinsu, wasu ma masu su ba su san an ɗauke su ba sai daga baya. Da dama ba su dawo ba.

Bayan yaƙi, waɗanda suka tsira suka koma hannun jama'a, ana sayarwa ana saye kamar kowane tsohon jirgi. Sai a 1964 ne Raymond Baxter, tsohon matuƙin jirgin saman yaƙi wanda ya yi suna a aikin watsa labarai, ya rubuta wasiƙa a jaridar Sunday Times yana neman masu irin waɗannan jirage, kasancewar shi ma yana da ɗaya mai suna L'Orage. A 1965 jirage 43 suka amsa kira suka koma Dunkirk, sannan a 1966 aka kafa Ƙungiyar Ƙananan Jiragen Dunkirk. Ƙa'idar ƙungiyar tana da ban sha'awa: jirgi ne ke da matsayi, mai shi kuwa yana cin albarkacinsa ne muddin yana riƙe da shi. Jirgin da aka tabbatar da tarihinsa ne ke da ikon ɗaga farar tuta mai jan gicciyen Ingila da tambarin birnin Dunkirk a tsakiya. Fiye da jirage 100 ne ke cikin rajistar ƙungiyar, kuma kusan dukkansu da kuɗin aljihun masu su ake kula da su.

Jirgi ɗaya, gyara sau da yawa

Tarihin wani jirgi mai suna Sundowner ya isa ya nuna yadda rayuwar tsohon jirgi take. An ƙera shi a 1912 a matsayin ƙaramin jirgin aike na mayaƙan ruwa, mai aiki da tururi. A 1929 Charles Lightoller, wanda shi ne jami'i mafi girman muƙami da ya tsira daga nutsewar Titanic, ya saye shi a kan fam 40 kacal, yana yashe. A wani lungun ruwa da ake kira Conyer a yankin Kent aka ƙara masa tsawo daga ƙafa 52 zuwa 58, aka gina masa ɗakuna, aka saka masa inji mai ƙarfin doki 60, aka mayar da shi ruwa a 1930. A 1936 aka cire wannan injin aka sa na dizal mai ƙarfin doki 72.

Ranar 1 ga watan Yuni na 1940, Lightoller, yana da shekaru 66, ya ƙi yarda wani ya tuƙa masa jirgi. Shi da ɗansa da wani matashi ɗan sikawut suka ƙetara, suka dawo Ramsgate da mutane kusan 130 a cikin jirgin da aka ba izinin ɗaukar 21. Gyaran da aka yi shekaru goma kafin nan, da injin da aka canza shekaru huɗu kafin nan, su ne suka ɗauki wannan nauyi.

Lightoller ya rasu a 1952, jirgin kuma ya ci gaba da sauya hannu. A 1986 wata ƙungiyar adana tarihin teku ta yankin Kent ta saye shi yana buƙatar gyara, ta farfaɗo da shi har ya shiga tafiyar cika shekaru 50 a 1990. Bayan shekaru kamar 30 ya sake buƙatar babban aiki, aka kai shi wata maƙera a Chertsey, a bakin Thames. Abin lura a nan shi ne, babu wani gyara da ake yi wa jirgin katako a ce an gama. Kowane babban gyara yana saya masa shekaru 20 ne ko 30, gwargwadon kulawar da ta biyo baya.

Ruwan sama ya fi na teku ɓarna

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka ruwan da jirgi ke zaune a kai ne ke ruɓar da shi. Masu sana'ar sun san cewa babbar ɓarna daga sama take zuwa. Ruɓar katako aikin wasu nau'o'in fumfuna ne, waɗanda ke samun damar yaɗuwa idan damshin icen ya haura kamar kashi 20 cikin 100, ga ɗumi, ga rashin iska. Gishirin teku yana rage musu ƙarfi. Ruwan sama kuwa, wanda Ingila ke da shi a wadace, yakan bi ta gefen taga, ko ta mahaɗar ɗaki da rufin jirgi, ko ta ramin wata ƙusa da ta yi sako-sako, ya je ya kwanta a inda ido ba ya kai wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin fenti ya nuna alama a waje, icen da ke ƙarƙashinsa ya riga ya zama kamar soso.

Saboda haka aikin shekara yana farawa ne da bincike. Idan bazara ta wuce, akan fitar da jirgi daga ruwa, a wanke cikinsa da bayansa, sannan masassaƙi ya bi shi allo bayan allo yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Ice mai lafiya yana da amo, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe take. Inda aka yi shakka sai a soka basilla a ga iya inda za ta shiga. Akan zubar da ruwan da ke cikin inji da bututai, domin idan ya daskare a lokacin hunturu yana iya tsaga ƙarfe. Akan rufe jirgin da tamfol, amma a bar kafar da iska za ta ratsa, domin rufin da ya toshe iska gaba ɗaya ya fi rashin rufi illa.

Yawancin waɗannan jirage an gina su ne da alluna jere gefe da gefe a kan haƙarƙari na icen oak. Tsakanin allo da allo akwai siririyar tsaga da ake cusa wa auduga da wani ƙarfe mai faɗin baki, sannan a liƙe da danƙo. Idan jirgin ya koma ruwa, allunan sukan sha ruwa su kumbura su matse audugar, yoyo ya tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa ba a son jirgin katako ya daɗe a tudu: icen yakan bushe ya tsuke, tsagogin su buɗe, har a hango haske ta ciki. Tamzine, ɗan kwale-kwalen kamun kifi da tsawonsa bai kai ƙafa 15 ba, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da aka sani ya je Dunkirk, yana ajiye a Gidan Tarihin Yaƙi na Landan, ya huta da ruwa. Sauran da ake so su ci gaba da tafiya, tilas su zauna a cikin abin da ke cin su.

Idan haƙarƙari ya karye ko ya ruɓe, sabon da za a sa ana tanƙwara shi ne da tururi. Akan sami icen oak da bai gama bushewa ba, a sa shi a cikin wani dogon akwati da tururi ke ratsawa, awa ɗaya ga kowane inci ɗaya na kaurinsa. Da an zaro shi sai a ruga da shi cikin jirgi a danna shi a gurbinsa kafin ya huce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa, kuma a wannan sana'a maganar ba karin magana ba ce kawai, tsarin aiki ne.

Ƙusoshi, tsatsa da garar teku

Jirgi mai tsawon ƙafa 30 ko 40 yana ɗauke da dubban ƙusoshi, kuma ƙarfinsa bai wuce ƙarfinsu ba. Mafi inganci su ne na jan ƙarfe, waɗanda mutum biyu ke bugawa: ɗaya a waje yana tokare kan ƙusar da dunƙulen ƙarfe, ɗaya a ciki yana daddage bakinta a kan wani ɗan zobe har ta riƙe. Ƙusar baƙin ƙarfe ba ta jituwa da icen oak, domin sinadarin da ke cikin icen yana cin ƙarfen, tsatsar ƙarfen kuma tana cin icen, har wurin ya yi baƙi ya yi laushi. Akwai kuma tagullar da aka haɗa da tutiya mai yawa, wadda ruwan gishiri ke tsotse tutiyar cikinta ya bar ta ja-ja, tana ganin hannu ta marmashe. Shi ya sa mai bincike kan zare 'yan ƙusoshi daga wurare dabam-dabam ya duba, kafin ya ce jirgi ya isa shiga teku.

Farfela da sandar da ke juya ta da sauran ƙarafan da ke ƙarƙashin ruwa suna fuskantar wata matsala ta daban. Idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin ruwa, wani ɗan lantarki kan gudana a tsakaninsu, mai rauni ya riƙa zaizayewa. Maganin shi ne a ɗaura wani dunƙulen ƙarfe da ya fi su duka rauni, domin shi ya cinye a madadinsu. A teku tutiya ake sawa, a ruwan kogi kuma magnisiyam, alminiyam kuwa yana aiki a tsaka-tsaki. Jirgin da ke zaune a Thames shekara huɗu sannan ya shiga teku a ta biyar dole a duba masa wannan. Kuma idan aka cika dunƙulen ya yi yawa, sinadarin da ke taruwa a kewayensa yana lalata icen da yake manne da shi.

A ruwan gishiri akwai kuma wata tsutsa da ke huda katako ta ciki ta bar fatar waje lafiya lau, tamkar yadda gara ke yi wa azara. Ita da gansakuka da ƙananan halittun da ke mannewa a cikin jirgi ne ake yi wa fenti mai guba duk shekara. Fentin da ya fi kowanne ƙarfi, mai sinadarin TBT, Birtaniya ta haramta shi ga jiragen da ba su kai mita 25 ba tun 1987, bayan an gano yadda yake nakasa dodon-koɗin teku da danginsa, sannan haramcin ya game duniya a 2008. Fentin da ake amfani da shi yanzu akasari na jan ƙarfe ne, kuma yana buƙatar sabuntawa akai-akai.

Inji da abin da ke kwance a cikin tanki

Da yawa daga cikin jiragen shan iska na shekarun 1930 da injin fetur aka ƙera su. Sir Malcolm Campbell, wanda ya shahara da kafa tarihin gudu a mota da a ruwa, ya sa kamfanin Thornycroft ya ƙera masa jirgi mai ƙafa 52 a 1931, amma bayan shekaru uku ya sayar da shi, har da dalilin tsoron gobarar fetur. Tsoron nasa yana da tushe. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yakan zube ƙasa ya watse, a jirgi kuwa babu inda za shi sai ƙasan ciki, inda yake taruwa yana jiran tartsatsi. Wannan jirgi, wanda yanzu ake kira Bluebird of Chelsea, ya je Dunkirk a 1940. A 1984 wani dillalin zane-zane na Landan ya same shi a Faransa ya lalace, ya dawo da shi Ingila, aka sake gina shi, ya koma ruwa a 1986. Kamar yawancin takwarorinsa, da dizal yake tafiya yanzu.

Sai dai dizal ma yana da nasa ciwon. Tun daga 2011 man da ake sayar wa jiragen koguna a Birtaniya na iya ƙunsar man tsirrai har kashi 7 cikin 100, wanda ke jawo damshi. Idan ruwa ya kwanta a gindin tanki, wasu ƙwayoyin halitta sukan hayayyafa a mahaɗar ruwan da man, su bar wani baƙin kauci mai yauƙi. A ɓangaren Thames da ke sama da Teddington, doka ba ta yarda jirgi ya wuce gudun kilomita 8 a awa ba, kuma ruwan a kwance yake, don haka kaucin na iya yin shekaru bai motsa ba. Ranar da jirgin ya fita teku igiyar ruwa ta fara girgiza shi, sai dattin ya tashi ya toshe matatar mai, inji ya mutu, a mashigin da manyan jiragen dakon kaya fiye da 400 ke ratsawa a kowace rana. Wannan ne ya sa wanke tanki, da canza matata, da riƙe wasu na ajiya, suke kan gaba a shirin duk wanda zai ƙetara.

Haka nan akwai ɗan famfon roba da ke jawo ruwan sanyaya inji, wanda fukafukansa ke tsufa su karye, da wurin da sandar farfela ke fita daga jikin jirgi, wanda ake so ya riƙa ɗiga kaɗan domin kada ya yi zafi, da kuma famfunan rufe kafofin da aka huda a ƙasan jirgi. Kowannensu ƙaramin abu ne mai araha, kuma kowannensu yana iya tsayar da jirgi ko ya nutsar da shi.

Gas, hayaƙi da wayoyin lantarki

Tun tsakiyar shekarun 1990 ake da tsarin binciken lafiyar jirage a yawancin koguna da magudanan ruwa na Birtaniya, inda ake duba kowane jirgi sau ɗaya a shekara huɗu kafin a sabunta masa lasisi. Abin da mai binciken ke dubawa shi ne hanyoyin mai, da gas na girki, da wayoyin lantarki, da kafofin shigar iska, da na'urorin kashe gobara. Tukunyar gas dole ta zauna a cikin akwatin da ke da kafar zubar da iska zuwa waje, domin shi ma gas ɗin ƙasa yake gangarawa.

Daga watan Afrilu na 2019 aka wajabta sa na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar hayaƙi marar wari a cikin ɗakin jirgi. An kai ga haka ne bayan asarar rayuka. A watan Afrilu na 2013, a tafkin Windermere da ke arewacin Ingila, wata mata da 'yarta suka rasu a cikin wani jirgin shan iska mai suna Arniston, kuma binciken hukuma ya gano cewa bututun hayaƙin wani janareta da aka girka ba bisa ƙa'ida ba ne ya ɓalle. Darasin da masu tsofaffin jirage suka ɗauka shi ne, ƙarin da aka yi domin jin daɗi yana iya zama abin da ya fi komai haɗari a cikin jirgin.

Ina iyakar sabuntawa?

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Wasu abubuwan babu mai jayayya a kansu: rediyon kiran agaji, na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, famfon kwashe ruwa mai tashi da kansa, da sababbin wayoyi a madadin tsofaffin da rigarsu ta bushe. Masu jirage da yawa sukan ɓoye su a bayan ƙofofin katako domin kada su ɓata kamannin ɗakin matuƙi. Wasu masu jiragen kogi sun koma ga injin lantarki, abin da ba baƙo ba ne a Thames, inda tun ƙarshen shekarun 1880 ake da jiragen haya masu aiki da batir. Amma nisan tafiyar teku yana sa masu niyyar zuwa Dunkirk su riƙe dizal.

Gardamar ta fi zafi a kan gangar jikin jirgi. Akwai masu lulluɓe tsohon katako da roba mai haɗe da zaren gilashi domin tsayar da yoyo cikin sauri da araha. Masassaƙan gargajiya suna ƙin wannan, domin allunan suna ci gaba da motsi a ƙarƙashi, kuma duk ruwan da ya shiga tsakani ba shi da hanyar fita. Ita wannan roba, wadda John Freeman ya fara ƙera jiragen shan iska masu ƙafa 22 da ita a 1957, ita ce ta kawo ƙarshen zamanin katako a kasuwa. Ba ta ruɓewa, sai dai takan yi bororo idan ruwa ya ratsa ta, kuma idan jirginta ya tsufa babu mai sanin inda za a kai shi. Jirgin katako kuwa ana iya canza masa kowane allo ɗaya bayan ɗaya har abada.

Wannan falala ita ce ta haifar da tambaya mafi wuya. Idan aka canza haƙarƙari, aka canza alluna, aka canza rufi da inji, shin jirgin da ya rage shi ne wanda sojoji suka taka a 1940? Masu adana kayan tarihi sun fi son a bar duk icen asali da zai iya zama. Mai jirgin da zai ɗauki iyalinsa ya shiga teku kuwa ya fi son icen da zai riƙe. Abin da akasari ake yi shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin kawai a dasa sabon gutsure, a rubuta abin da aka canza da ranar da aka canza shi, a miƙa wa mai saye na gaba tare da jirgin.

Ƙarancin katako da ƙarancin hannu

Icen da aka ƙera waɗannan jirage da shi yana ƙara wuyar samu. Mahogani na yankin tsakiya da kudancin Amurka ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tun 2003. Icen teak na ƙasar Bama ya shiga cikin takunkumin da Birtaniya ta sa wa kamfanin katako na gwamnatin ƙasar bayan juyin mulkin soja na 2021. Maƙeran Ingila sun daɗe suna cike giɓin da katakon Afirka ta Yamma, musamman iroko da mahogani na Afirka, wanda ɗan'uwan maɗaci ne. Shi ma wannan an sa shi a jerin CITES a taron 2022, saboda yadda ake sare shi fiye da kima.

Ƙarancin masu sana'a ya fi na katako tayar da hankali. A 2023 ƙungiyar Heritage Crafts, mai bin diddigin sana'o'in hannu a Birtaniya, ta sa ƙirar jiragen katako ta gargajiya a jerin sana'o'in da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Kwalejin koyar da ƙirar jirage ta Lowestoft, wadda aka kafa a 1975, ta rufe a ƙarshen 2024. Makarantar Lyme Regis, wadda aka buɗe a 1997, tana cikin 'yan kaɗan da ke ci gaba da yaye ɗalibai. Tsofaffin maƙerun bakin Thames kuwa, da yawa an rushe su an gina gidaje masu tsada a filayensu.

Ko jirgin da ya sami kulawa bai tsira daga ƙaddara ba. A watan Mayu na 2021 gobara ta tashi a tsibirin Platt's Eyot da ke kan Thames kusa da Hampton, ta cinye tsofaffin rumfunan ƙirar jirage, ta haɗa da Lady Gay, ɗaya daga cikin jiragen Dunkirk. Jirgin da ya tsallake bama-bamai a 1940 ya ƙone a cikin 'yan sa'o'i a tudu. Wasu kuma suna can a lungunan ruwa suna nutsewa sannu a hankali, bayan masu su sun tsufa ko kuɗi ya ƙare. Domin ceto irin waɗannan aka kafa wata gidauniya ta musamman a 1993, wadda ke karɓar jirgin da ya rasa mai shi, ta gyara shi, ta nema masa sabon mariƙi.

Tafiya ta gaba zuwa Dunkirk za ta kama a 2030, ta cika shekaru 100 kuma a 2040. Yawan jiragen da za su fito daga Ramsgate a waɗannan ranaku ya dogara ne da aikin da ake yi a cikin rumfuna masu sanyi tsakanin watan Nuwamba da Maris na kowace shekara, da kuma ko za a sami matasan da za su koyi cusa auduga da tanƙwara oak kafin tsofaffin masassaƙa su ajiye guduma.